Hannun da ke ɗaukar jini, me zai hana ya zama na ɗiyarmu?

Ƴan'uwa mata, mun san yadda damina take a Ɗan Kassari. Masassarar cizon sauro tana shanye jinin yara, sai a kwashe su zuwa asibitin Dogon Dutsi. Kafin a ƙara wa yaro jini, dole a ɗebi nasa a gwada, a san rukuninsa.

Wannan aiki koyonsa ake yi: ɗaure dantse, gano jijiya, allura ɗaya ga mutum ɗaya, rubuta suna kan kwalba nan take. Kwalba biyu in suka musanya, ana iya rasa rai.

Ana koyar da shi cikin karatun jinya da na labo, kamar a makarantar ENSP ta Yamai da ta Damagaram. Sai dai ba a shiga sai da takardar BEPC aƙalla, ga shi ɗiyanmu da yawa aure ke fidda su kafin nan.

Tun 1991 tsarin Mata Masu Dubara ya koya wa matan Nijar tara kuɗi. To, a taron asusu mai zuwa, mu ware wani kaso don yarinyar da ta dage da karatu.