Ƙofar da Bairos Ke Ɗura DNA Ta Cikinta

Shirin kimiyya na wannan mako zai duba wata 'yar ƙofa ta furotin, wadda ƙwayoyin bairos da dama ke dogara da ita wajen ɗura zaren gadonsu, wato DNA, cikin ɓawon da ke kare shi. Ana samun ta a bairos masu jela da ke kama bakteriya, irin su T4 da phi29, haka kuma a dangin herpes da ke addabar ɗan Adam.

Bairos ɗin yakan fara gina ɓawon babu komai a ciki, sannan ya cusa zaren ta wannan ƙofa da ke zaune a kusurwa ɗaya tak. Ƙofar zobe ce da aka harhaɗa daga furotin 12 iri ɗaya, da rami a tsakiya wanda bai fi kaurin zaren ba sai da kaɗan, alhali gurbin da take zaune yana da sassa biyar. Wannan rashin daidaito ne ya sa Roger Hendrix ya kawo hasashe a 1978 cewa zoben juyawa yake yi yayin da zaren ke wucewa, hasashen da ya daɗe yana jan hankalin masana, har bayan da ayarin Michael Rossmann na Jami'ar Purdue a Amurka ya bayyana siffar ƙofar phi29 a shekarar 2000. Sai dai wani gwaji da aka wallafa a 2007 ya nuna ƙofar ba ta juyawa. Turin yana fitowa ne daga wani zoben furotin da ke manne mata ta waje, wanda ke ƙona ATP, makamashin ƙwayoyin halitta.

Ƙarfin wannan inji abin jinjinawa ne, domin awon da ayarin Carlos Bustamante ya yi a Berkeley a 2001 ya kai ga ƙiyasin cewa matsin da ke cikin ɓawon phi29 idan ya cika ya ninka na tayar mota fiye da sau 20, kuma ƙofar na cikin abin da ke hana zaren kufcewa kafin a haɗa jela.

Tuni wannan ilimi ya isa asibiti, domin maganin letermovir, wanda Amurka ta amince da shi a 2017, yana hana bairos ɗin CMV, na dangin herpes, yaɗuwa ne ta hanyar tsayar da furotin mai yanka DNA da tura shi ta wannan ƙofa.