Kanwa da Rairayi: Labarin Ƙarau na Rumawa

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai. Bayan haka, wanda duk ya shiga kasuwar Wudil ran Juma'a zai ga kanwa tuli, makiyaya suna saye domin dabbobinsu, ga kuma rairayi shimfiɗe a bakin kogi. To, mai karatu ya sani da irin waɗannan abubuwa biyu Rumawan dauri suka yi ƙarau, watau gilashi, wanda Allah ya ambata a Suratun Nur.

Kanwarsu daga Wadin Naɗrun take, a ƙasar Masar. Sukan gauraya ta da rairayin bakin bahar, su hura wuta kwana da kwanaki har su narke su zama curi, sa'an nan a farfasa, a kai garuruwa cikin jiragen ruwa. Kamar shekara 50 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, masu sana'a a ƙasar Sham suka gane dabarar busa. Mutum ya ɗebo narkakken ƙarau a bakin bututu, ya busa, yana jujjuyawa, sai ga kwalba. Da haka abin da dā sai masu dukiya ya shiga ɗakin talaka. Wani gwani, Eniyon, har sunansa yakan sa a jikin kayansa da rubutun Yunanawa.

Gwaninta ta kai su ga wani finjali na ƙarni na 4, wanda gidan ajiyar kayan tarihi na London ya saya a 1958. Ga ido kore ne, amma in haske ya ratsa shi sai ya koma ja. Masana ba su ga ƙwayoyin zinariya da azurfa da ke jawo haka ba sai da madubin bincike na zamani. Kayan Rumawa kuwa sun shigo Sahara, gama an tono su a kaburburan Jarma, cikin Fazzan.

Kusa da gida, akwai Masaga na Bida a ƙasar Nufe, masu cewa kakanninsu daga Masar suka fito ta Barno. Su ma da rairayi da kanwa suka riƙa dafa baƙin ƙarau, suna yin awarwaro da duwatsun wuya. Da kwalaben Turawa suka yawaita, sai aka koma narka su, aka bar dafa na asali, har masu saninsa suka yi ƙaranci.

Abin lura a nan, rairayi bai ƙare ba, kanwa ba ta ƙare ba. Abin da kan ƙare shi ne mai koyarwa da mai koyo. Saboda haka maƙeri da magini da marini, kowa ya zaunar da yaro kusa da shi tun yana da ƙarfi, gama ilmin da ke cikin ƙirji kaɗai tare da mai shi ake binne shi. Allah ya sa mu dace, amin.