Tambayoyin aji a wayar salula: sauƙi ga malamai, barazana ga ɗalibin da ba shi da mega

A ɗauki malamin lissafi a wata CEG ta Maraɗi mai ɗalibai 80 a aji ɗaya. Idan ya ba su gwaji a takarda, kuma duba kowace takarda ya ci masa minti biyar, sai ya shafe awa shida da minti 40 kafin ya gama da wannan aji kaɗai. Ga shi kuma ba aji ɗaya yake koyarwa ba. Kafin takardun su dawo hannun yara an yi nisa da darasi, wanda bai gane ba tun farko an riga an bar shi a baya.

Wannan jinkiri ne ya sa wasu malamai a Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa suka fara tsara tambayoyi a intanet suna tura wa ɗalibai ta waya. Hanyar ta samu gindin zama bayan rufe makarantu a watan Maris na 2020 saboda annobar korona, lokacin da zaurukan WhatsApp na aji suka yawaita. An koma makaranta, amma zaurukan ba su mutu ba, kuma ta cikinsu tambayoyin ke yawo a yau.

Yadda ake haɗa fom

Manhajar da aka fi sani ita ce Google Forms, wadda kyauta ce ga duk mai adireshin Gmail, kuma ana iya aiki da ita daga waya ba sai da kwamfuta ba. Malami zai buɗe sabon fom, ya rubuta tambayoyinsa, ya zaɓi irin amsar da yake so: zaɓi ɗaya daga cikin da yawa, zaɓi fiye da ɗaya, gajeriyar amsa ko sakin layi. Idan ya shiga saiti ya mayar da fom ɗin gwaji, abin da wayoyin da ke kan Faransanci ke nunawa da "Convertir en questionnaire", zai iya sa amsar da ke daidai da makin kowace tambaya, har da ɗan bayani ga wanda ya faɗi. Daga nan sai ya kwafi adireshin fom ɗin ya jefa a zauren aji.

Amfanin yana fitowa ne a shafin amsoshi. Manhajar na tara su nan take, ta nuna tambayoyin da aka fi faɗuwa a kansu. Idan yara 50 cikin 80 suka kasa tambaya ta huɗu, malami ya san tun da dare cewa wannan yanki na darasin bai shiga ba, washegari sai ya sake shi kafin ya ci gaba. Ga kuma kuɗin hoton takarda da aka huta da shi: idan ana buga shafi a kan dala biyar, gwaji mai shafi ɗaya ga wannan aji jika biyu ne.

Idan tambaya ɗaya ce tak, ba sai an je nesa ba. Tun ƙarshen 2022 WhatsApp ke ba da damar yin ƙuri'a a cikin zaure, da zaɓi har 12. Sai dai kowa na ganin abin da kowa ya zaɓa, don haka ta fi dacewa da tsayar da ranar bita, ba auna fahimta ba.

Inda ake tuntuɓe

Na'ura ba ta da uzuri. A tambayar gajeriyar amsa, idan malami ya sa "élève" yaro ya rubuta "eleve", za ta ce ya faɗi. Haka abin yake da Hausa, wadda kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana a matsayin harshen ƙasa: "ƙasa" da "kasa" kalmomi biyu ne daban, kuma ba kowane yaro ne ya sa madannin Hausa mai ɓ, ɗ, ƙ da ƴ a wayarsa ba. Mafita ita ce malami ya shigar da duk rubutun da zai amince da shi, ko ya duba irin waɗannan amsoshi da idonsa.

Satar amsa ma ta samu sabon salo. Yaro ɗaya ya gama, ya ɗauki hoton allon wayarsa ya watsa wa abokai. Manhajar na iya cakuɗa jerin tambayoyi ga kowane ɗalibi, tana kuma iya hana mutum amsawa sau biyu, amma wannan saitin na tilasta wa kowa shiga da asusun Google nasa. A gidan da yara uku ke aron wayar yayansu ɗaya, saitin da aka sa don hana maguɗi sai ya rufe wa biyu ƙofa.

Wa ake aunawa?

Nan ne babbar matsalar take. Fom ba ya buɗewa sai da waya mai intanet, da mega, da rezo, da caji. Yaron da mahaifinsa ke fita da wayar gidan zuwa kasuwa, ko yarinyar da iyaye ba su yarda ta riƙe waya ba, ko wanda unguwarsu ta kwana babu wuta a zafin Afrilu, duk za su bayyana a jadawalin malami a matsayin waɗanda ba su yi aiki ba. Idan aka sa wannan maki cikin sakamakon zango, abin da aka auna shi ne ƙarfin aljihun gida.

Saboda haka hanyar ta fi aminci idan aka ɗauke ta a matsayin madubin malami, maki na gaske kuma ya zauna a gwajin cikin aji, kamar yadda BEPC da BAC suke a takarda da biro. Tambayoyi biyar zuwa goma sun isa, babu bidiyo ko manyan hotuna masu cin mega, a ba da kwana biyu ko uku, a kuma rubuta tambayoyin a allo don marasa waya su amsa a littafinsu.

Inda rezo ke wahala akwai KoboToolbox, wadda ƙungiyoyin agaji ke aikin tattara bayanai da ita. Manhajarta ta Android, KoboCollect, na ajiye amsoshi babu intanet, ta tura su idan an samu. Waya ɗaya na iya zagaya ajin ƙauye gaba ɗaya.

Ɗaliban jami'o'in Abdou Moumouni, Dan Dicko Dankoulodo, André Salifou da Djibo Hamani masu binciken kammala karatu na fuskantar irin wannan tarko. Fom ɗin da aka watsa a zaurukan abokai ra'ayin masu waya da iya karatu kawai yake kawowa, ba na manomin Dakoro ko mai tallar Mirriah ba.

Akwai kuma batun sirri. Nijar na da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar HAPDP mai sa ido a kai. Suna da aji sun wadatar a gwaji. Lambar waya, hoto ko halin da gida ke ciki ba su da gurbi a fom ɗin da kowa zai iya turawa gaba.

Ga ƴan uwa mazauna Legas, Abidjan, Aljeriya ko Turai masu aiko wa ƙanne waya da kuɗin mega, tambayar da ta dace a kira na gaba ita ce ko malaminsu na turo aiki ta waya, da kuma yara nawa ne a ajin ba sa iya buɗe shi.