Ƙauyen Aro: Inda Likita Da Boka Suka Haɗu A Kan Majinyaci Ɗaya

A cikin shekarar 1954 wani matashin likita, Thomas Adeoye Lambo, ya komo garinsu Abekuta bayan ya ƙare karatun likita a Birmingham, da na cutar taɓin hankali a asibitin Maudsley da ke Landan. Abin da ya tarar ba mai daɗin ji ba ne. A zamanin nan in mutum ya haukace, ko dai a kai shi gidan mahaukata na Yaba a Ikko, wanda bambancinsa da kurkuku kaɗan ne, ko kuwa a miƙa shi ga boka ya sa masa mari.

Ginin asibitin Aro bai ƙare ba tukuna, shi kuwa Lambo bai tsaya jira ba. Sai ya nemi dagatan ƙauyuka huɗu na kewayen asibitin su yarda a riƙa saukar da majinyata a gidajen mutanensu, ana biyan kuɗin haya. Sharaɗi guda ne: kowane majinyaci ya zo da ɗan'uwansa, galibi uwa ko 'yar'uwa, wadda za ta dafa masa abinci, ta wanke masa tufafi, ta raka shi asibiti da safe a ba shi magani, da la'asar su koma masauki. Mutanen ƙauyen su ma ba su tashi a banza ba, don sun sami ruwan famfo, da rancen ƙara ɗakuna, da likita a kusa.

To, amma abin da ya fi tayar da ƙura shi ne shigo da masu maganin gargajiya na Yarabawa cikin aikin. Mutumin da ya yi karatu a Ingila, me ya haɗa shi da boka? Dalilinsa a fili yake. Majinyacin da ya tabbata a ransa sammu aka yi masa, ko da ƙwaya ta kwantar da shi, tsoron nan yana nan bai gushe ba, kuma da an sallame shi wurin boka zai nufa, ko likita ya so ko ya ƙi. Gara a yi abin a gaban idon likita. Saboda haka aka raba aiki: allura da ƙwaya da jinyar lantarki na asibiti ne; sauraron mafarki, da bayyana ciwo cikin harshen da dangi ke fahimta, da al'adun kwantar da zuciya, na masu gargajiya ne. Lambo ya ba da rahoton cewa majinyatan ƙauye sun fi saurin samun sauƙi, kuɗin jinyarsu kuma bai kai na kwantarwa a asibiti ba.

Sunansa ya tafi duniya. Ya shugabanci Jami'ar Badun daga 1968 zuwa 1971, ya zama Mataimakin Babban Darektan Hukumar Lafiya ta Duniya daga 1973 zuwa 1988, ya rasu a 2004.

Sai dai masu suka suna da hujja, domin rahoton mai abu ba gwaji ba ne. Gwajin sosai sai a 2020 aka buga sakamakonsa a mujallar Lancet. Furofesa Oye Gureje da abokan aikinsa sun haɗa ma'aikatan ƙananan asibitoci da masu maganin gargajiya da masu addu'a a Badun da Kumasi ta ƙasar Gana. Ma'aikacin lafiya yakan je har gidan mai magani ya duba majinyaci, ya ba shi ƙwayar asibiti. Bayan wata 6, waɗanda aka yi wa wannan haɗin sun fi sauran samun sauƙi ƙwarai.

A lura fa, ba a ce rubutu ko hayaƙi ya maye gurbin ƙwaya ba, kuma ɗauri da bulala da hana abinci ba magani ba ne, ko a gidan wa aka yi su. A nan Arewa, iyali da yawa sukan fara da malami ko mai ruƙiyya, sai abu ya ci tura a nufi Dawanau, ko Barnawa, ko Kware. Watannin da aka ɓata a tsakani su ne ke sa ciwo ya yi jijiya. Da malamin ya san ma'aikacin lafiyar unguwarsa, da tafiyar ta gajarta. A watan Janairu 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958, ta kuma ba majinyaci haƙƙin a yi masa jinya cikin mutunci.