Mutuwar Jijiya da Dungulmin Kuturu

Bahaushe ya haɗa abu uku ya ba su suna guda, watau jijiya. Akwai hanyar jini, akwai agara mai ɗaure tsoka da ƙashi, sa'an nan akwai farin zaren nan da ya taso daga ƙwaƙwalwa da laka ya bazu cikin jiki duka. Wannan ta ukun ita ce abin nufi a nan. Aikinta uku ne: ita ke kai labarin zafi da sanyi da taɓawa, ita ke umurtar tsoka ta motsa, ita ke sa fata ta yi gumi.

Abubuwa da dama su kan lalata ta, kamar ciwon sukari, da shan-inna, da sara, da allurar da aka soka ba daidai ba a ɗuwawu. Amma a ƙasar Katsina ba wanda aka fi sani kamar kuturta, domin tun shekarun 1930 a ke kai masu ita Babbar Ruga, kusa da birni.

Jama'a sun ɗauka cutar ce ke cinye yatsu. Ba haka ba ne. Ƙwayar cutar, wadda likita Hansen na ƙasar Norwe ya gano a 1873, ta fi son wuri mai sanyi, saboda haka ta kan kama jijiyoyin da ke kusa da fata, a gwiwar hannu, da bayan gwiwa, da idon sawu, da fuska. Kadan ta gwiwar hannu ta mutu, sai ƙaramin yatsa da na kusa da shi su ƙanƙance. Kadan ta idon sawu ce, tafin ƙafa ya daina ji, ya bushe, ya tsage.

To, daga nan ɓarna ke farawa. Manomi a Karofi ya wuni da fartanya, ƙota ta yi masa kanta har ta fashe, bai ji ba. Ya taka ƙaya, ya yi ta tafiya a kanta. Mace ta sauke tukunya daga murhu, ta ƙone ba ta sani ba. Miki ya ruɓe, ya kai ga ƙashi, yatsa ya yi ta raguwa. Likita Paul Brand ne ya tabbatar da wannan a Indiya, ya nuna rashin jin zafi shi ke kawo dungulmi.

Tun 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da haɗin magunguna da ke kashe ƙwayar cikin wata 6 ko 12, kyauta kuwa a ke ba da shi. Sai dai jijiyar da ta daɗe da mutuwa ba ta farfaɗowa. Don haka wanda ya warke lalle ya riƙa duba tafinsa kullum, ya jiƙa shi, ya shafa mai, ya sa takalmi. Malamin da ya ga tabo mai haske a fatar almajirinsa, aka taɓa wurin yaron bai ji ba, ya gaggauta tura shi asibiti tun yatsunsa goma suna nan.