Magarya da Dungas: ina yaran da suka shiga aji na 6?

Kowace shekara, in damina ta kama, akan bayyana sakamakon jarrabawar burbe da ta bak. Wasu gidaje a yi guɗa, wasu kuwa a kwana cikin jimami. A shekarar 2021, a faɗin Nijar, cikin ɗalibai 5 da suka zauna burbe, kusan 1 kaɗai ya ci. Amma akwai wani lissafin da ba a karantawa a rediyo, wato na yaran da suka shiga kwaleji, suka ɓace tun kafin ranar jarrabawa.

Mu dubi gundumomin Magarya da Dungas, a kudancin jihar Damagaram. Da can gunduma ɗaya ce, sai a 2011 aka ba Dungas matsayin kanta. Ƙidayar 2012 ta samu mutum 577.743 a Magarya, da 353.867 a Dungas. A lokacin, jama'ar ƙasa na ƙaruwa da kashi 3,9 cikin 100 kowace shekara, kuma kimanin rabinsu ba su kai shekara 15 ba. Da irin wannan ƙaruwa, jama'a na ninkuwa cikin shekara 18 ko kusa da haka. Ke nan kujerar da ta ishi uba ba za ta ishi ƴaƴansa ba.

Makarantar firamare ta shiga ƙauyuka da dama, amma kwaleji ta fi samuwa a manyan garuruwa, irin su Bande, Waca, Dan Ciyawo, Guci da Malawa. Yaron da ya gama firamare, in ƙauyensu na nesa, dole ya nemi mai masauki. In hatsin da ya zo da shi ya ƙare, karatu ya fara tangal-tangal. Ga darasi duka cikin Faransanci, ga aji cike maƙil, wani lokacin ma rumfar zana ce. Ga kuma iyakar Nijeriya kusa, kasuwannin Maigatari da Babura na jan saurayi zuwa ci-rani.

Lamarin ƴan mata ya fi tsanani. Binciken lafiyar jama'a na 2012 ya nuna mata 3 cikin 4 a Nijar an aurar da su kafin shekara 18. Uban da ba shi da amintaccen gida a gari, sau da yawa yakan zaɓi aure a kan kwaleji. A watan Disamba na 2017 gwamnati ta fitar da dokar kare karatun ƴaƴa mata, a 2021 kuma aka buɗe masu makarantar kwana a Kelle, cikin gundumar Gure. Wannan hanya ce da ta cancanci a faɗaɗa ta.

Saboda haka, ya ku iyaye da kuka yi yaƙi da jahilci, da ku hukumomi, kada mu auna makaranta da yawan waɗanda suka ci kawai. A taron kwamitin makaranta, a tambayi darakta: yara nawa suka shiga aji na 6, wato ajin farko, nawa suka kai aji na 3, ajin burbe, kuma ƴan mata nawa ne cikinsu? Daga wannan amsa za a san inda ya kamata a gina aji, da gidan da ya kamata a taimaka wa da hatsi domin ya riƙe ɗan wani.