Mambobin Kwamitin Ba da Shawara na Jiha kan Shari'ar Yara a Amurka: Su Wane ne, Kuma Mene ne Ƙarfinsu?

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayani a kan kwamitocin da jihohin Amurka suke kafawa domin ba gwamnati shawara a kan shari'ar yara masu laifi. An duba tushen kwamitocin, da irin mutanen da doka ta ce a naɗa, da ayyukansu, da kuma iyakar ƙarfinsu. Maƙalar ta nuna cewa tasirin kwamitin ya ta'allaƙa ne a kan abubuwa biyu: wanda aka ba kujera, da kuɗin tallafin da aka ɗaure wa kujerar.

1.0 Gabatarwa

An buɗe kotun yara ta farko a Amurka a birnin Shikago a shekarar 1899, bisa tunanin cewa yaro mai laifi gyara yake buƙata, don haka alƙali ya tsaya a matsayin uba. Sai dai wannan sassauci ya bar yara ba su da kariyar da manya suke da ita a gaban shari'a. A shekarar 1964, wata kotu a jihar Arizona ta tura Gerald Gault, ɗan shekara 15, gidan gyaran hali har sai ya cika shekara 21, bisa zargin ya buga wa wata maƙwabciya wayar batsa. Da babba ne ya aikata haka, hukuncinsa ba zai wuce tarar dala 50 ko ɗaurin wata biyu ba. Kotun Ƙoli ta soke hukuncin a 1967, ta kuma tabbatar wa yara haƙƙin samun lauya da sanin abin da ake tuhumarsu da shi.

A cikin wannan yanayi ne majalisar dokokin tarayya ta zartar da Dokar Shari'ar Yara da Rigakafin Kangararsu, wadda Shugaba Gerald Ford ya sanya wa hannu a watan Satumba na 1974. Da yake shari'ar yara hurumin jihohi ce, gwamnatin tarayya ba ta da ikon tilasta musu. Abin da ta yi shi ne ta ware kuɗin tallafi, ta gindaya sharuɗɗa. Ɗaya daga cikin sharuɗɗan shi ne kowace jiha mai son kuɗin ta kafa kwamitin ba da shawara.

2.0 Tsarin Mambobi

Gwamnan jiha ne yake naɗa mambobi, kuma adadinsu ba zai gaza 15 ba, ba zai haura 33 ba. Doka ta jero rukunonin da za a ɗebo su daga ciki. Akwai aƙalla zaɓaɓɓen jami'i ɗaya daga ƙaramar hukuma. Akwai wakilan 'yan sanda, da alƙalan kotun yara da ta iyali, da masu gabatar da ƙara, da lauyoyin yara, da jami'an da suke sa ido a kan yaran da aka yi wa sakin talala. Sannan akwai ma'aikatan ilimi, da na jin daɗin jama'a, da na lafiyar ƙwaƙwalwa, da ƙungiyoyi masu zaman kansu, da 'yan sa-kai, da masu kare haƙƙin waɗanda aka zalunta. A jihar da ƙabilun asalin Amurka suke zaune, ana ba wakilinsu kujera.

Sharuɗɗa uku ne suka bambanta wannan kwamiti da sauran kwamitocin gwamnati. Na farko, mafi rinjayen mambobi, har da shugaban kwamitin, ba za su kasance ma'aikatan gwamnati na cikakken lokaci ba. Hikimar a bayyane take: wanda hukuma take biya albashi da wuya ya tsaya ya faɗi aibinta. Na biyu, aƙalla kashi ɗaya cikin biyar na mambobi su kasance 'yan ƙasa da shekara 28 a lokacin naɗinsu na farko. A da shekara 24 ce iyaka, gyaran da aka yi wa dokar a 2018 ne ya ɗaga ta. Na uku, aƙalla mambobi uku su kasance waɗanda suka taɓa shiga hannun hukumar shari'ar yara, ko suke ciki a halin yanzu. Idan hakan ya gagara, gyaran 2018 ya yarda a naɗa iyaye ko waliyyan irin waɗannan yara.

Wannan sharaɗi na uku shi ne zuciyar tsarin. Matashin da ya taɓa kwana a tsare yakan zauna a teburi ɗaya da alƙali da ɗan sanda, kuma ƙuri'arsa ɗaya ce da tasu. Alƙali ya san abin da doka ta ce, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

3.0 Ayyukan Kwamitin

Kwamitin yana shiga cikin tsarawa da bitar shirin shekara uku da jiha take miƙa wa Ma'aikatar Shari'a ta tarayya. Yana duba takardun masu neman tallafi ya bayyana ra'ayinsa a kansu. Yana kai wa gwamna da majalisar jiha rahoto aƙalla sau ɗaya a cikin shekara biyu. Doka ta kuma wajabta masa ya riƙa tuntuɓar yaran da suke hannun hukuma domin jin ta bakinsu.

Babban abin da rahoton yake dubawa shi ne yadda jiha take cika ginshiƙai huɗu na dokar. Na farko, kada a kulle yaro saboda abin da ƙuruciyarsa ce kawai ta mayar da shi laifi, kamar gudun makaranta ko tserewa daga gida. Na biyu, idan an tsare yaro a wurin da manyan fursunoni suke, a raba su ta yadda ba zai gan su ko ya ji su ba. Na uku, wanda aka ƙara a 1980, a fitar da yara daga gidajen yarin manya, in ban da wasu 'yan keɓaɓɓun yanayi. Na huɗu, a gano tare da rage bambancin launin fata da ƙabila a yadda ake kama yara da hukunta su. Jihar da ta kasa cika ginshiƙi ɗaya za a rage mata kashi 20 cikin 100 na tallafinta, kuma haka za a rage a kan kowane ginshiƙi da ta saɓa.

4.0 Iyakar Ƙarfinsa

Duk da wannan tanadi, kwamitin yana da rauni ta fuskoki da dama. Shawara yake bayarwa, ba ya yin doka, ba ya soke hukuncin alƙali. Gwamnan da ake ba shawara shi ne mai naɗi, don haka yana iya zaɓen waɗanda ba za su ɗaga masa murya ba. Haka kuma tallafin tarayya kaɗan ne idan aka kwatanta shi da abin da jiha take kashewa daga aljihunta, shi ya sa jiha kamar Wayomin ta daɗe ba ta cikin shirin.

Kujerun matasa ma suna da tasu matsalar. Matashi yana da makaranta ko aikin da ba zai iya bari ba a lokacin zama, yayin da jami'in gwamnati yake halartar zaman a matsayin wani ɓangare na aikinsa. Harshen da ake tattaunawa da shi na lauyoyi ne da masana kasafin kuɗi. Idan ba a koya wa matashin yadda ake karanta takardun ba, ba a kuma ɗauki nauyin zuwansa ba, sai ya zama ɗan cika adadi: an cika harafin doka, an bar manufarta.

5.0 Kammalawa

Bayanan da suka gabata sun nuna cewa dokar 1974 da gyare-gyarenta sun yi ƙoƙarin hana hukuma zama mai bincikar kanta, ta hanyar ba waɗanda ba ma'aikatanta ba rinjaye, da kuma ba yaran da ta taɓa tsarewa kujera. Ga mai nazari a Nijeriya, inda Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta tanadi kwamitocin aiwatarwa a matakin tarayya da jiha da ƙaramar hukuma, tambayoyin da suka dace a yi wa kowane kwamiti irin wannan su ne: wa ya naɗa mambobinsa, nawa ne daga cikinsu suke cin albashin hukumar da suke dubawa, kuma me hukumar za ta rasa idan ta yi watsi da shawararsu?